Waƙar Da Ta Karkata Hagu

"Rufe ƙofar."

Abin da Injiniya ya ce ke nan da na shigo situdiyo. Babu "Hajiyata", babu ko murmushi.

Na tura ƙofar nan mai nauyin tsiya, ta rufe ruf. Ɗakin ɗaukar sauti ba shi da taga, bangonsa duk soso ne, ko ihu ka ƙwala babu mai jin ka a waje. Shekara ɗaya da rabi ina digiri na biyu a fannin kiɗa da fasahar sauti, ɗakin nan ya fi min ɗakina daɗi. Ranar kuwa ji na yi kamar an kulle ni a akwati.

Injiniya, mai kula da na'urorin sashenmu, mutumin da na damƙa wa zuciyata tun zangon farko, ya miƙo min takarda.

"Kwamitin ladabtarwa. Jibi, ƙarfe goma."

"Kai? Me ka yi?"

"An ce ni nake yi miki aikinki."

"Lallai ma! Wace 'yar baƙin cikin ce...?"

Ban ƙarasa ba na san amsa. Uwar Iyayi ce, 'yar ajinmu, wadda kullum wayar makirufonta sai ta lalace idan Injiniya na kusa.

"Ta ɗauki hoton allon kwamfuta," ya ce. "Duk waƙar da kika haɗa, sunana ne a matsayin wanda ya taɓa ta ƙarshe."

"To ka ce musu ƙarya ce mana!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ƙarya ba ce, zuciyata."

Wallahi sai da na dafa tebur.

"Tun da kika tashi daga zazzaɓin nan, duk aikinki ya karkata hagu," ya ce a hankali. "Muryar mai waƙa tsakiyar sifikoki biyu ya kamata ta tsaya. Taki tana can jingine da sifikar hagu. Kina ƙara wa ɓangaren ƙarfi don ki ji daidai. Ke kina jin ta a tsakiya, mu muna jin ta a gefe."

"Ban gane me kake..."

"Kunnenki na hagu. Na sani. Da sassafe nake shigowa in dawo da muryar tsakiya. Ita kaɗai nake taɓawa, Allah ne shaidata."

Wata bakwai! Wata bakwai ina ɓoye abin nan, ashe mutumin yana kallona kamar allon kwamfutarsa.

Zazzaɓi na yi na kwana biyar, na tashi na ji kunnen kamar an cusa masa auduga. Na saci jiki na je wurin likita, ya ce jijiyar ce ta taɓu, rabin ji ya tafi, da wuya ya dawo. Ban gaya wa kowa ba, saboda mutum biyu.

Na farko Farfesa, mai duba bincikena. Shi a wurinsa kunne ne alƙali. Duk ɗalibin da ya zauna haɗa sauti, sai ya yafa tawul a kan fitilun mita, waɗanda ke nuna ƙarfin hagu da dama, kuma ya sa an kashe na cikin kwamfuta. "Ido maƙaryaci ne," in ji shi. "Wanda ba ya ji, ya je ya karanci wani abu."

Na biyu Abba. Da ƙyar da roƙon Umma ya bar ni na shiga karatun nan, kuma da sharaɗi: ranar da abin toshe kunnen nan ya taɓa lafiyata, na gama. Je ka gaya wa Abba cewa zazzaɓi ne ba hedfon ba, ka ga ko zai saurare ka.

"Wa ya sa ka?" na ce. "Wa ya roƙe ka? Ka mai da ni abar tausayi, ina ta murna Farfesa na yaba min, ashe hannunka yake yabawa!"

"Aikinki yake yabawa. Ni ɗan maɓalli ɗaya nake juyawa."

"Me ya hana ka yi min magana?"

"Me ya hana ki gaya min?"

Sai hawaye suka zubo min.

"Me za ka ce musu jibi?"

"Zan ce ni na yi karambani, ba da saninki ba. Gaskiya ce ai."

"Za su tambaye ka dalili."

"Ba zan faɗa ba."

"Korar ka za su yi!"

"Ni zan sami wani aikin. Ke idan suka ji, Farfesa zai sallame ki, Abba zai ƙarasa. Saura miki wata huɗu kacal, Hajiyata. Ki yi shiru, don Allah."

Na fizgi jakata na fita. Ko sallama ban yi masa ba.

A gida ma ban tsira ba. Uwar Iyayi ba ta yin aiki rabi, ta nemo lambar Umma ta turo mata hoton, har da "a ja mata kunne". Da yamma Abba ya kira ni falo.

"Auta, ashe mai jona wayoyin makaɗan nan za a kora?"

"Injiniya ne, Abba."

"Ko ma mene ne. Na gaya miki tun farko bai kwanta min ba. Mutumin da zai shiga aikin 'yar mutane a ɓoye, me ba zai yi ba? Ki fita harkarsa, ki gama karatunki ki fito min da mutuncinki."

"To, Abba."

"To" ɗin nan ta fi komai ɗaci a bakina. In na yi shiru, in sami digiri a kan bayan mutumin da ya rufa min asiri. In na yi magana, in rasa abin da na yi shekara uku ina roƙo. Na shiga ɗaki na fito, na fito na shiga, ko'ina bango.

Washegari ya kira ni sau tara, ban ɗauka ba. Haushinsa nake ji, son sa nake yi, kuma kunyarsa ta hana ni sakat.

Ranar zaman, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ƙofar ɗakin taro ba. Uwar Iyayi na zaune a benci, ta ci kwalliya kamar mai zuwa karɓar kyauta.

"Ayya, sannu fa," ta ce. "Ni gaskiya kawai na bi."

"Allah ya ba ki ladan gaskiya," na ce, na tura ƙofa.

Malamai uku ne, Farfesa a tsakiya. Injiniya na tsaye, hannuwansa a baya. Da ya gan ni ya girgiza min kai. Na ɗauke ido.

"Ba a kira ki ba," in ji Farfesa.

"Na sani, ranka ya daɗe. Alfarma ɗaya nake nema. Kwamfuta tana ajiye tsohon kwafi. A kunna aikina yadda na bar shi, kafin ya taɓa."

Aka kunna.

Ni a kunnena lafiya lau waƙar take. Amma na ga kawunansu su uku sun juya hagu a tare, kamar an kira su daga taga.

"Kunnena na hagu ya mutu rabi," na ce. "Wata bakwai ke nan. Ga takardar likita. Bai rubuta min komai ba, bai haɗa min komai ba. Murya kawai yake mayarwa tsakiya, ni ma ban sani ba sai shekaranjiya."

Na ajiye takardar a gabansu. Farfesa ya karanta takardar har sau biyu, ya cire tabarau.

"Wata bakwai kina aiki a ƙarƙashin tawul ɗina," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Hukunci bai yi daɗi ba, amma bai kashe ba. An soke duk ayyukana na zangon, sai dai in sake shekara guda, wannan karon da mita a buɗe. Injiniya ya sha takardar gargaɗi mai zafi, amma aikinsa na nan.

A baranda ya tare ni, idonsa jawur.

"Me ya sa? Na ce ki yi shiru!"

"Kai ma ai ban sa ka ba ka yi. Mun yi canjaras."

"Abba fa?"

"Yanzu zan je."

Na durƙusa gaban Abba na faɗi komai. Na zaci faɗa zai yi. Da ma faɗan ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Wata bakwai," ya ce. "Kina juyo min da gefe ɗaya in ina magana, ina cewa Auta ta ƙara ladabi. Bare ya gane ciwon 'yata, ni ubanta ban gane ba."

"Ka yafe min, Abba..."

"Na yafe. Amma magana ɗaya nake yi. Karatun nan an gama."

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Kwana shida ban leƙa waje ba, na tattara littattafaina na tura ƙarƙashin gado don kada in gan su.

Rana ta bakwai da la'asar Umma ta leƙo ɗakina.

"Tashi, mai jona wayarki ya zo. Abbanki ne ya aika a kira shi."

Na diro daga gado, na lallaɓa bayan ƙofar falo na manna kunne. Gunguni kawai nake ji. Umma ta kama kafaɗuna ta juya ni.

"Da wannan za ki ji, sakarya!"

Muryar Abba ta fito tar.

"An ce ka yarda a kore ka don kada asirinta ya tonu."

"Haka ne, Abba. Amma na yi kuskure. Da magana na yi mata tun farko."

"Ka yi kuskure kam. Kana son ta da kunne ɗaya da rabi?"

"Ko babu ko ɗaya."

Umma ta mintsine ni. Na toshe bakina da mayafi.

Abba ya yi gyaran murya.

"Na ce an gama karatu, kuma ba na janye magana. A gidana na faɗa. Abin da za a yi a gidanka kuwa, ba ni ne mai gidan ba. Ka turo manyanka."

Na sulale na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya.

"Auta!" Abba ya ɗaga murya. "Na san kina bayan ƙofar nan. Tashi ki kawo wa baƙo ruwa."