Muryar da Aka Ji a Toranke

"Umma, shuɗin mayafin zan yafa ko baƙin?"

"Wanda ranki ya so."

"To ai Kamila ta ce shuɗin, 'yan gurup ɗinmu kuma sun ce baƙi ya fi dacewa da intabiyu."

Umma Sa'adatu ta dakata da tankaɗen da take yi, ta ɗago ta ƙare wa 'yarta kallo.

"Rumaisa, ke ko tuwo za ki ci sai kin tambayi duniya da wane hannu za ki fara. Ki kiyayi ranar da bakin nan naki zai kai ki inda ƙafarki ba za ta iya dawo da ke ba."

Rumaisa ta yi dariya, irin dariyar nan tata mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, wadda ko a bayan katanga ka ji ta ka san mai ita. Ta yafa shuɗin ta fita, ba ta ɗauki maganar a bakin komai ba.

Halinta ke nan. Yarinya ce mai ladabi da ƙoƙari, duk unguwarsu a Ajingi ba mai cewa ga aibinta, amma wallahi ban taɓa ganin mai neman shawara irinta ba. Karatu, ɗinki, saurayi, ciwon kai, komai sai ta kai shi waya. Abin haushin shi ne, wanda maganar ta shafa shi ne kullum na ƙarshen ji.

Intabiyun ya yi kyau. Rumaisa ta gama makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibiti a Gaya. Ga kuma an sa ranar aurenta da Badruddeen, wanda kowa ke kira Badaru, malamin firamare a Toranke. Asalin gidansu Barno ne, kakanninsa fatauci ya kawo su suka zauna. An tsayar da biki da zarar an kawar da amfanin gona.

Ranar da ta ba shi albishir ɗin aikin, bayan la'asar ne a ƙofar gida. Bai yi murna ba. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur ɗinsa.

"Akwai matsala fa, Rumaisa. Ya Gaji ta ce matata ba za ta yi aiki ba."

Ya Gaji mahaifiyarsa ce. Rumaisa ta dube shi.

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Kin san uwa. In ta ce a'a, ni wane ne?"

Ya hau babur ya tafi ba tare da ya yarda sun haɗa ido ba. Ta koma ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son Badaru kamar ranta, tana kuma son aikin nan da ta sha wahala a kansa. Ba ta gaya wa Umma ba, don ta san haƙuri za a ba ta. Sai ta kira ƙawarta Kamila.

"Ke wannan ya fi ƙarfin gurup," in ji Kamila. "Ki kira shirin Anti na rediyo, wanda mata ke kai damuwarsu. Ki ce a ɓoye sunanki, shi ke nan. Wa zai gane ki?"

Da hantsin Litinin Rumaisa ta laɓe a bayan rumbu ta kira. Layi ya shiga.

"Anti, don Allah a sakaya sunana. Daga gabashin Kano nake."

"Kada ki damu, ƙanwata, nan gida ne. Faɗi abin da ke ranki."

Ita kuwa Antin nan ta iya jan mutum da magana. Kafin Rumaisa ta ankara ta zazzage komai: saurayin malamin makaranta ne, biki bayan kaka, aikin a Gaya yake, uwar mijin 'yar Barno ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sunaye kaɗai ta rage.

Aka buɗe layi ga masu sauraro. Wata ta ce irin tsofaffin nan ne masu baƙin ciki, ba sa son ganin ci gaban 'yar wani. Wani ya ce jahilci ne kawai. Sai wata mai kaifin baki ta ce, "Baiwa take nema, so take ki ajiye allura ki zo ki taya ta murza ƙuli!"

Rumaisa ta yi dariya. Ba da niyya ba, kuɓuce mata ta yi, gajeriya mai shaƙewa a ƙarshe. Ta kashe waya zuciyarta wasai, tana ganin ta sauke nauyi.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, lokacin ɓarar gyaɗa ne. A Toranke matan unguwa kan taru gida-gida su taya juna, kuma ranar nan a tsakar gidan Ya Gaji aka baje tabarmi. Rediyonta na rataye a reshen darbejiya, an ƙure murya.

Tun daga maganar Gaya hannuwa suka fara sanyi. Da aka zo kan man gyaɗa, ƙarar fasa ɓawo ta ɗauke gaba ɗaya. Da dariyar ta fito kuwa, Hanne maƙwabciyar Ya Gaji, wadda ta san dariyar Rumaisa, ta dafe ƙirji.

"Ya Gaji, wannan ba muryar..."

Ta yunƙura za ta kashe rediyon.

"Bar shi," in ji Ya Gaji.

Ita kaɗai ta ci gaba da ɓara. Ta saurari mutanen da ba su taɓa ganinta ba suna yagar mutuncinta ɗaya bayan ɗaya, a gaban matan da ta girma a idonsu. Sai da aka rufe shirin ta karkaɗe zaninta, ta sauke rediyon da hannunta, ta shige ɗaki ta saki labule.

A Ajingi Rumaisa ba ta san wainar da ake toyawa ba. Abin da ta fara lura da shi, Badaru bai zo zance ba. Ta kira, waya a kashe. Washegari ma haka. Ta je ɗebo ruwa, 'yan matan da ke bakin famfo suka yi shiru har ta cika bokiti ta juya. Tsohuwar da ke sayar da daddawa a lungunsu, wadda kullum sai ta tsokane ta da "amarya", ranar nan kai kawai ta gyaɗa mata.

Ranar kasuwa Umma ta fita da kwando, ta dawo da shi wayam. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Ke ce?"

"Ni ce me, Umma?"

"Kada ki raina mini hankali. Ke ce kika shiga rediyo aka zagi uwar mutane kina dariya?"

Rumaisa ta yi tsuru-tsuru. Ta zauna a bakin gado.

"Ban faɗi suna ba, Umma. Wallahi ban faɗi suna ba."

"Malaman firamare nawa ne a ƙasar nan da uwarsu 'yar Barno ce mai man gyaɗa? Da kin faɗi sunan ma ai da kin rage wa mutane aiki." Umma ta dire kwandon. "An aiko wa Abbanki daga Toranke. An ce a dakata da maganar lefe, ranar Juma'a manya za su zo. Kin san abin da hakan ke nufi."

Ta sani. Manya ba sa tasowa ana dab da biki don su gaisa kawai. Hawaye na zuba, hannunta ya kai kan waya, don jiki ya riga ya saba. Umma ta fizge wayar ta ƙulle a bakin zaninta.

"Yau kam ba wanda za ki tambaya. Magana zarar bunu ce. Ke kika zaro, ke za ki san yadda za ki yi da ita."

Rumaisa ta wuni a ɗaki, ba Kamila, ba gurup, ba Anti. Tunda take ba ta taɓa zama ita da zuciyarta kaɗai ba, kuma zaman bai yi mata daɗi ba. Da safiyar Alhamis ta fito ta durƙusa.

"Umma, zan je Toranke."

"Budurwa a gidan surukai kafin ɗaurin aure? Wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Ba kowa."

Umma ta daɗe tana kallonta. "Je ki. Amma ba zan raka ki ba."

Ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gidan. Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Matan nan dai suna nan a kan tabarmi, don gyaɗar ba ta ƙare ba. Reshen darbejiyar babu komai sai igiya tana lilo. Ya Gaji na zaune a tsakiya, doguwar mace baƙa mai zanen Barebari a kumatu.

Rumaisa ta zube a gabanta. "Iya, ina kwana."

Ya Gaji ta ci gaba da ɓararta.

"Iya, na zo neman gafara."

Ko kallonta ba ta yi ba. Sai ta sa ƙafa ta turo mata ƙwaryar gyaɗa. Rumaisa ta jawo ta fara ɓara. Ba mai magana, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo. In ƙwarya ta ƙare a turo wata. Rana ta take, babban yatsanta ya yi ja, ya tashi, ya fashe. Ba ta ɗago ba, ba ta nemi ruwa ba, hawaye na ɗiga cikin gyaɗar. Tana ji a jikinta cewa in ta tashi daga tabarmar nan, ta tashi daga auren ke nan.

Sai da aka yi kiran azahar Ya Gaji ta buɗe baki, a hankali.

"Zagin bai dame ni ba, waɗanda suka yi shi ba su san ni ba. Dariyar ce ta hana ni barci."

Rumaisa ta kifa kai tana shessheƙa.

"Amma tambaya ɗaya gare ni, 'yar nan. A ina na ce ba za ki yi aiki ba? A gaban wa?"

Rumaisa ta ɗago da jajayen idanu. "Badaru ne ya ce kin ce."

Matan suka kalli juna. Fuskar Ya Gaji ta sauya, ta juya wajen zaure.

"Badruddeen. Na san kana nan. Fito."

Ya fito kamar kazar da aka tsamo daga ruwa, ya tsugunna nesa.

"Ni na ce matarka ba za ta yi aiki ba?"

"A'a, Ya."

"Ɗaga murya. Ai ni a rediyo aka ji nawa."

"Ba ki ce ba. Ni ne... tsoro na ji. Na ga in ta fara aiki cikin likitoci za ta raina ɗan albashina. Na kasa faɗa mata, na san in na ce ke ce ba za ta yi musu ba."

"Ka ari bakina ka ci albasa, ka bar ni da warin. Ka ji ana zagina ka kashe waya ka ɓuya."

Ta juyo ga Rumaisa, yanzu idonta ya kawo ruwa.

"Ina da 'ya, Adama, yayar wannan. Naƙuda ta zo mata da gardama, babu wanda ya san abin yi a unguwar nan. A hanyar asibiti ta cika. Tun ranar da aka ce mini wadda ɗana zai aura aikin lafiya ta karanta nake cika wa matan nan baki. Tambaye su."

"Har mun gaji da ji," in ji Hanne tana share ido.

Wannan maganar ta fi wa Rumaisa zafi a kan duk shirun da aka yi mata. Ta rarrafa ta kama ƙafar tsohuwar tana kuka sosai.

"Daga Ajingi zuwa nan tafiyar me ce?" in ji Ya Gaji. "Kin tambayi Kano kaf a kaina, ni da nake nan zaune ba ki aiko an tambaye ni ba."

Sannan ta kamo hannun Rumaisa, ta duba yatsan da ya fashe, ta ce Hanne ta miƙo man gyaɗa ta shafa mata da kanta.

"Da kin tashi kafin azahar, da gobe manya sun mayar muku da maganarku. Yanzu za su je, amma ranar kai lefe za su tsayar. Aiki kuma za ki yi shi. Kai kuwa, gobe kai za ka yi wa Abbanta bayani da bakinka, ba da nawa ba."

An yi biki bayan kaka. Badaru da kansa yake kai ta bakin titi ta hau motar Gaya, kuma bai sake cewa "Ya ta ce" ba sai in ta ce ɗin.

'Yan mata, neman shawara ba laifi ba ne, mai tambaya ba ya ɓata. Amma kafin ki kai maganar mutum gaban duniya, ki fara kai ta gabansa. Na nesa zai ba ki amsa ya juya ya manta, ke za ki zauna da abin da ya biyo baya. Ku kuma samari, mai son hana abu ya hana da bakinsa.

Ya Gaji ta yafe, ta riƙe Rumaisa kamar Adamarta. Sai dai duk kaka in mata suka taru ɓarar gyaɗa, Rumaisa kan ɗaga kai ta ga igiyar nan a reshen darbejiya. Wata rana ta yi ƙarfin hali ta ce, "Iya, in ɗauko miki rediyon?"

"Bar shi inda yake, 'yata," in ji Ya Gaji, ba ta ɗago daga ƙwaryarta ba. "Na ji abin da ya ishe ni."