Lambobin da Rémi Ke Kira

Da ƙarnin kifi a jikinta Ginette ta fito daga masana'anta, yatsunta duk sun tsage saboda ruwan ƙanƙara, ta zauna bakin titi tana kuka kamar ranta zai fita. An gaya mata za a cire ɗanta Rémi daga cibiyar koyar da magana! Shekararsa huɗu, bai taɓa cewa "Mama" ba. Ubansa, teku ta cinye shi tun yaron yana goye, kuma sai da ta yi dogon jira kafin layi ya zo kan Rémi a cibiyar. Yanzu gwamnatin lardi ta tashi binciken kuɗin da ake kashewa a kan irin waɗannan yara, duk wanda ba a kai shi darasi a ba wani gurbinsa. Wai Rémi ya fi kowa fashi...

Abin ya ɗaure mata kai. Fashi kamar yaya? Huguette, yayar mijinta, ita ke kai shi duk Talata da Alhamis, har gwamnati na biyan ta kuɗin mai. Lambar wayar Huguette ma aka bai wa cibiyar, tunda ba a shiga masana'antar da waya.

"Yaya, da gaske ba ya zuwa?" Ginette ta tambayi Huguette.

"Au, ni za ki tuhuma? Ke da ba kya shirya shi a kan lokaci! Kin cinye mini ƙane, yanzu sunana za ki ɓata?"

Kafin Lahadi zancen ya zaga coci: Ginette raguwar uwa ce. Mutanen garinmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu iya tauna magana kafin mu haɗiye ba. Wasu suka daina amsa gaisuwarta. Takan rungume yaron hawaye na zuba, ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka san gaskiyata. Wanda ya gani da idonsa ba shi da bakin faɗa!"

Jami'ar binciken, Madam Robichaud, ta zo gidan don ta rufe maganar. Huguette ta riga ta zuwa, ta kame kan kujera da kwalliyarta, tana ta zuba. Rémi yana ƙasa yana jera murafan kwalba layi-layi. Can sai ya ɗaga kai, ya buɗe murya tar, yana jan ta kamar mai shela:

"B... goma sha biyu! O... sittin da shida!"

Madam Robichaud ta ajiye alƙalaminta. "Ashe yana magana?"

"Wannan kaɗai yake faɗa," in ji Ginette. "Na ɗauka lissafi suke koya masa a can. Har daɗi nake ji."

"Ba a koyar da haka a cibiyar. Ikon Allah!" Ta sauko ta zauna a ƙasa kusa da shi da siket ɗinta mai tsada. "Irin waɗannan yara sukan maimaita abin da kunnensu ya saba ji, da muryar mai faɗar. To ina ya saba jin wannan?"

"Talabijin ne!" Huguette ta yi caraf ta ce.

"Tamu ta lalace tun bara, Yaya."

Jami'ar ta ɗauki murfi ɗaya ta miƙa masa. Yaron ya dangwala shi a kan layi, ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya ce, "Mata, a yi shiru don Allah! N... talatin da ɗaya!"

Kowa a garin nan ya san tarin nan. Na tsoho Aurèle ne, mai kiran lambobi a zauren cacar bingo, kuma Talata da Alhamis da rana ake yin ta! Ginette ta juyo a hankali ta dubi Huguette.

"Yaya... ɗan ƙanenki? Maraya?"

"Ai... ai yana jin daɗin wurin! Biskit nake saya masa!"

Wayyo! Wata da watanni yaron yana zaune ƙarƙashin tebur cikin hayaniya, malamarsa tana can tana jiran sa, ita kuwa Huguette tana buga waya tana cewa uwarsa ta hana shi fitowa. Ginette ta durƙushe ta fashe da kuka, ita kanta jami'ar sai da ta share ido.

Aka sa Huguette ta mayar da kuɗin mai kakaf, aka kai ta gaban alƙali, Aurèle kuma ya rantse ba za ta sake taka zaurensa ba. Masu gulmar coci suka riƙa zuwa da tukwanen miya, suna sunkuyar da kai. Rémi ya koma gurbinsa, aka sauya masa lokaci yadda uwarsa za ta riƙa kai shi da kanta.

Da bazara ta shigo, wata rana malamar ta riƙo hannunsa zuwa bakin ƙofa, ta nuna Ginette. "Rémi, wace ce wannan?"

Ya daɗe yana kallon ta, leɓensa na motsi.

"Ma... ma."

Ginette da malamar suka zuba masa ido. Shi kuwa da ya ga kowa ya yi tsit, sai ya ɗaga hannu biyu sama, ya yi ihun da ya san ana yi idan an ci:

"Bingo!"