Abin da Hoda Ta Rufe

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, yayyafin nan na garin Sligo, can ƙasar Turawa, wanda ba ya gajiya, yana ta dukan taga. A kicin ɗin Misis Dympna Hegarty mutum uku ne a teburi: ita uwar gida, da ɗanta tilo Fintan, direban bas, sai Nuala, yarinyar da zai aura ƙarshen bazara, wadda ke aiki a gidan burodin da ke bakin gada.

Misis Hegarty ta yanka gasasshen naman rago ta ɗora a farantin Nuala, ta tsaya tana ƙare mata kallo.

"Ke yarinya, a gidanku ba a san hoda ba ne? Kin zo mini da fuska kamar dankalin da aka fere."

"Haba Mama," in ji Fintan yana dariya, "ni dankalin nake so."

"Kai dama me ka sani? Mace ba ta fita da fuskar da ta kwana da ita."

Nuala ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta saba. Tun da Fintan ya kawo ta gidan nan matar ba ta taɓa kiran sunanta ba, kullum sai "ke yarinya". Ita kuwa Misis Hegarty, duk unguwar babu wanda zai ce ya taɓa ganin ainihin fuskarta. Ko kwalaben madara za ta ɗauko a bakin ƙofa sai ta shafa hodar nan mai kauri, ta ja gira, ta sa jan baki.

A tsakiyar makon nan tsautsayi ya faɗa wa Misis Hegarty. Tana soya dankali man ya kama wuta, ta kama kaskon da hannu biyu ta yi waje da shi. Gida ya tsira, amma tafukan hannunta duka sun ƙone. Fintan ya yi juyin duniya su je asibiti, ta ce sai dai a ɗauki gawarta. Dole aka kira nas ɗin unguwa ta naɗe mata hannayen da bandeji, suka zama kamar dunƙulen auduga. Ko cokali ba ta iya riƙewa.

Nuala ce ta ce za ta riƙa zuwa safe da yamma. Ta dafa, ta ba ta a baki, ta taje mata kai, ta sa mata riga. Abu ɗaya ne matar ta hana: kada a taɓa mata fuska. Kwalliyar ranar gobarar ta yi kwanaki a kanta, ta bushe, ta tsage kamar tsohon fenti, sai goga kumatu take yi a kafaɗa saboda ƙaiƙayi.

Wata yamma, kafin Fintan ya taso daga aiki, Nuala ta ɗauko kwalbar kol-kirim daga gaban madubi, farin man nan mai sanyi da mata ke goge kwalliya da shi, ta zo ta durƙusa gaban kujerarta.

"Misis Hegarty, fatarki za ta lalace. Ki bari in goge miki. Ni da ke ne kawai, kuma zan mayar miki da sabuwa kafin ya shigo."

Matar ta dubi kwalbar, ta ce, "Rufe ƙofa. Ja labule."

Nuala ta lakato man da yatsa ta fara daga goshi, tana murzawa a hankali, tana zagayawa. Hodar ta narke ta zama kamar kunu. Ta goge da auduga, ta sauko kumatu na dama, sannan na hagu. Da ta zo gefen hanci, ƙarƙashin ido, sai ta ji yatsanta ya hau wani tudu. Ta goge. Audugar ta fito da jini.

Wani gyambo ne, faɗinsa ya kai farcen babban yatsa, gefensa ya tasa yana sheƙi, tsakiyarsa ta rame ta yi baƙi. Nuala ta ajiye audugar.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Ƙurji ne. Zai warke."

"Tun yaushe, Misis Hegarty?"

"Ya fi shekara." Idanun matar suka ciko. Ba tare da kwalliyar ba ta koma wata 'yar tsohuwa mai tsoro. "Ki saurare ni. Malachy, uban Fintan, ɗan ƙari ne kawai a wuyansa. Da ƙafarsa ya shiga asibitin nan, yana yi wa nas-nas barkwanci. Suka yanka shi. A akwatin gawa aka dawo mini da shi. Ni ba za su taɓa ni ba. Ki rantse ba za ki gaya wa ɗana ba."

"Amma..."

"Ki rantse da Allah. In ko kika buɗe baki, ba ke ba auren Fintan. Kin san ba ya tsallake maganata."

Nuala ta rantse. Sannan ta wanke hannu ta shafa mata sabuwar hoda yadda matar ke nuna mata, kauri bisa kauri, har wurin ya ɓace.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa idon Nuala. Safe da yamma ita ce mai buɗe gyambon, ita ce kuma mai rufe shi. Kullum ta murza murfin kwalbar nan sai gabanta ya faɗi, tana tsoron abin da audugar za ta nuna mata. Wata rana ya yi ɓawo kamar zai warke, kashegari ya fashe. Gani take yana matsowa kusa da idon. A wurin aiki ta ƙona burodi har mai gidan ya yi mata faɗa. Abinci ba ya wuce mata.

Shi kuwa Fintan murna kamar ta kashe shi.

"Kin ga ikon Allah?" ya ce mata yana raka ta gida a ƙarƙashin laima ɗaya. "Ke da Mama kun zama ƙawaye, har ƙofa kuke rufe mini. Gulmata kuke yi, ko?"

Ta yi ƙoƙarin dariya, sai hawaye suka zubo.

"Nuala, lafiya? Ko auren ne kike tsoro?"

"Gajiya ce kawai."

Ta shiga gida ta jingina da bayan ƙofa tana kuka. In ta yi magana ta karya rantsuwa, ta rasa Fintan. In ta yi shiru, da hannunta take taya matar nan ɓoye abin da zai iya kai ta kabari, kuma wata rana Fintan zai tsaya a bakin kabarin ya tambaye ta me ta sani.

Ranar Asabar da yamma ta goge kwalliyar kamar yadda ta saba. Jinin ya fi na kullum. Ta rufe kwalbar, ta tattara hoda da jan baki ta sa a aljihun tebur, ta tura shi ya rufe.

"Me kike yi? Fintan ya kusa shigowa."

"Na rantse ba zan gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Amma ban rantse zan ci gaba da rufewa ba. Hannuna ba zai sake sa hoda a kan ciwon nan ba."

"Ke yarinya, kin haukace? Buɗe ki ɗauko."

"Ki yi haƙuri."

Matar ta miƙe ta kai dunƙulallun hannayenta ga aljihun teburin, ta kasa jawo shi. Ta roƙa, ta zaga, ta yi kuka. Nuala na tsaye jikin bango, ba ta motsa ba. Sai suka ji makulli a ƙofar waje, da takun Fintan a kan bene.

Ya turo ƙofa ya tsaya cak. Ga uwarsa da fuskar da bai gani ba tun yana yaro, jini na gangarowa gefen hancinta, ga auduga ja a ƙasa.

"Mama, me ya same ki?"

Misis Hegarty ta ɗaga hannu ta nuna Nuala.

"Ita ce. Farce ta sa ta yage ni. Tun da ta shigo gidan nan take jin haushina."

Fintan ya juyo a hankali. Nuala ba ta taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba.

"Gaskiya ne?"

Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Ta dubi tsohuwar, ta ga tsoro a fuskarta, ta tuna rantsuwarta.

"Ka kai ta wurin likita, Fintan. Abin da zan ce ke nan."

"Tsohuwa mai ƙonannun hannaye, Nuala? Fita. Fita daga gidan nan."

Ta ɗauki kwat ɗinta ta fita cikin ruwan, ko laima ba ta tuna ba.

Abin da Misis Hegarty ba ta lissafa ba shi ne, ƙaryar da ta yi ita ce za ta kai ta inda take gudu. Fintan ya ce rauni kusa da ido ba abin wasa ba ne. Ta ce a kira nas, ya ce a'a. Ta ce gobe, ya ce yanzu. Ba ta da bakin cewa tsohon ciwo ne. A karon farko a rayuwarsa ya ƙi jin maganarta, ya yafa mata mayafi ya sa ta a motar maƙwabci suka tafi gidan likita.

Likitan ya haska wurin, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya ce farce ne?"

"Mama ce ta faɗa."

"Wannan ba aikin yau ba ne, ba kuma na watan jiya ba. Ciwon dajin fata nake zargi. Irin da ake cirewa ne in an zo da wuri, amma ya kusa ido ƙwarai. Da an ƙara jinkiri, da maganar ta canja."

Fintan ya dubi uwarsa. Ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa komai, har da rantsuwar da ta sa yarinyar ta yi.

Kashegari da sassafe ya je gidan su Nuala. Mahaifiyarta ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu.

"Ka kori 'yata cikin ruwa, ga ta can da zazzaɓi. Me kuma ka zo nema?"

"Na zo in ji kunya ne, Misis Feeney. Ki bar ni in ji ta a gabanta."

Ta harare shi, ta matsa. Nuala na zaune gefen murhu lulluɓe da bargo. Ya durƙusa a gabanta.

"Me likita ya ce?" ita ce tambayarta ta farko.

"Za su yi mata tiyata. Nuala, na yarda da abin da bai kamata in yarda da shi ba ko a mafarki. Me ya sa ba ki kare kanki ba?"

"Tsoro take ji, Fintan. Ni ma haka. Amma ka ji mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ka dube ni, ka ga mai yagar fuskar tsohuwa."

"Na sani."

"To ka ba ni lokaci."

Ya ba ta. Kullum in bas ɗinsa ta zo wucewa ta gaban gidan burodi sai ya rage gudu, fasinjoji na tsokanarsa, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar tiyatar Nuala ta je asibiti ba tare da an kira ta ba. Ta tarar da Misis Hegarty kwance a gadon turawa cikin farar riga, haƙoranta na haɗuwa don tsoro. Fintan na riƙe da kafaɗarta, amma da ta hangi yarinyar sai ta ɗago.

"Nuala."

Karon farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta.

"Na yi miki ƙazafi, kin rufa mini asiri. In ban fito ba..."

"Za ki fito. Ina nan bakin ƙofa, ba inda za ni."

"Ki yafe mini, 'yata."

"Na yafe. Ki yi addu'a, ki bar sauran."

Aka tura ta ciki. Suka zauna a benci suna kallon ƙofar ɗakin tiyata. Duk lokacin da ta motsa sai su miƙe tare, sai su ga wata nas ce ke wucewa. Ba wanda ya san lokacin da hannunta ya shiga nasa. Da likitan ya fito ya ce an cire duka, kuma idon ya tsira, Fintan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska ya yi kuka kamar yaro.

An ɗaga bikin zuwa kaka, sai da hannayen Misis Hegarty suka warke. Ita da kanta ta je gidan su Nuala ta ba iyayen haƙuri a gaban kowa, abin da maƙwabta suka yi wata suna maimaitawa. Bayan auren ta ce ba za ta zauna musu a ka ba, ta koma ɗakin ƙasa ta bar musu saman. Ta rayu har ta goyi jikoki, kuma duk macen da ta yi ƙorafin wani ciwo a gabanta, sai ta ja ta da hannu zuwa wurin likita tana yi mata faɗa a hanya.

Tsoro shi ya sa uwa ta yi ƙarya, gaggawa ta sa ɗa ya yanke hukunci kafin ya bincika. Nuala ma ta ji tsoro, ta fi su ji, amma ba ta bar shi ya zaɓa mata hanya ba. Mai ƙaunarka na gaskiya zai jure fushinka, zai jure har zarginka, amma ba zai taya ka ɓoye abin da zai halaka ka ba.