Teburin da Ya Daina Rawa

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, gwiwarsa na tokare da tebur, hannuwansa na kan inji. Ƙaramin inji ne mai juya katako ana sassaƙa shi, ya ɗora shi a kan tsohon teburin cin abinci. Inji na juyawa, tebur na rawa, Dogo na bin su.

Ƙafar kujerar mahaifiyarta ta kawo a sake mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya.

"Malam, kai ke aiki da injin nan, ko shi ke aiki da kai?"

"Tun safe muke kokawa," ya ce yana kakkaɓe garin katako daga girarsa. "Sai da kika zo ya kayar da ni."

Kafin wata huɗu maganar soyayyarsu ta kai kunnen babanta. Tsohon kafinta ne, bai taɓa shiga aji ba, amma shi ya yi rufin rabin unguwa. Sau biyu yana faɗowa daga sama yana tashi da ƙafarsa. Irinsu ba a yi musu wayo, kuma yanzu ba a haifar irinsu.

Da kansa ya je shagon Dogo. Ya dafa teburin, ya girgiza kai.

"Yaro, inji ɗan wannan ka kasa zaunar da shi, 'yata za ka zaunar? Ka yi masa mazauni. Ƙarshen wata zan ɗora kofi cike da ruwa, ka kunna. In ɗigo ya zuba, akwai wani mai kantin kujeru da ya riga ya turo kawunnansa neman aurenta."

Dogo ya yi na farko irin na masu sassaƙa: ƙafafu sirara, an murɗe su an goge, sai sheƙi. Yana kunna inji, tebur ya kama hanyar ƙofa. Ya yi na biyu da katako mai kauri, ya cika shi da ƙusa. Kwana biyu ƙusoshin suka saki. Tafin hannunsa ya fashe, bayansa ya ƙage, ko waya ya daina ɗauka.

Saƙon Auta ya shigo: "Dogona, kwana uku shiru. In ka haƙura da ni ne, ka faɗa min in sani."

"Autata, ban haƙura ba. Yatsuna ne ba sa lanƙwasuwa. Na gaji, wallahi na gaji."

Auta ta fita tsakar gida inda tsohon bencin babanta yake. Ta tura shi, ko gezau. Ta durƙusa ta leƙa.

"Masoyi, na duba ƙarƙashin bencin Baba. Ƙafafunsa a ware suke, ƙasa ya fi sama faɗi. Babu ƙusa ko ɗaya, sai noti. Akwai akwati a ƙasa cike da yashi. Ka daina yi wa tebur kwalliya, ba shi za a aura ba."

Haka ya yi. Ya ware ƙafafu, ya tokare su da katako a gicciye, ya ɗaure noti, ya yi ta jidar yashi har kafaɗarsa ta sale. Tebur ya fito mummuna, mutum uku ba sa ɗaga shi.

Ƙarshen wata tsoho ya cika kofi har baki. Inji ya ɗauka. Ruwa ya ɗan yi karkarwa, ya tsaya a inda yake.

Tsoho ya sunkuya, ya ga yashi.

"Wa ya nuna maka wannan?"

"Auta ce, Baba," in ji Dogo.

"Shekara arba'in ana koyon aiki a kan bencina, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya duba sai ita. Kai kuma ka ji maganarta, ba ka ɓoye ba. Je ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar gaishe-gaishe, aka ga ango ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Abokai za su tashe shi, amarya ta aiko daga ciki:

"Ku bar min shi ya huta, wata guda bai runtsa ba."

Tsoho ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Kowa ya ce amin, amma a hankali.