Lefen Zailani

Ku 'yan yanzu idonku ya riga hankalinku! Kun ga akwati na ƙyalli, ba mai tambayar daga ina. To ku saurara.

Akwati shida Zailani ya aiko na lefen Hasiya gidansu a unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, shi da aikinsa lodin kayan matafiya a filin jirgi. Mata suka buɗe, suka yi guɗa, suka watse. Sannan Hasiya ta fito dubawa. A cikin murfin akwati na huɗu ta ga takarda manne, suna da adireshin wata Baturiya. Ta juya sarƙar gwal, ita ma da wani suna a baya.

"Mama, kayan mutane ne!"

"Rufe min baki!" in ji uwarta Adjara. "Ɓare takardar, wa ya gani? An yi bidiyo har Kano, so kike a yi mana dariya?"

Hasiya ta kira Zailani tana kuka, don tana son sa ƙwarai.

"Haba bebi, rilas, kwantar da hankalinki! Masu shi ma sun manta. Don ke fa na yi."

"Ka mayar. Ko akwati ɗaya ka kawo na guminka, zan aure ka."

Ya yi dariya ya kashe waya.

Kakarta Iyatu na kan darduma tana ji. Ta ce, "Ba ke kika karanta min a littafin makarantarku ba? Turawan Ingila, mutum ya saci hankici, su cusa shi a jirgin ruwa zuwa Ostareliya shekara bakwai, wani har ya mutu bai sake ganin uwarsa ba?"

"Zamanin da ne, Iya."

"Jirgin kawai aka canja."

Washegari Hasiya ta mayar da lefen, ko ɗankunne ba ta riƙe ba. Wata uku uwarta ba ta amsa gaisuwarta. Hasiya ta haƙura, ta rame.

Sai ga 'yan sanda: kyamara ta kama Zailani yana sata. Suka birkice gidan su Hasiya, ba su sami komai ba. Adjara, da takardun izinin zamanta a ƙasar ba su fito ba, ta zube ƙasa.

"Yafe min, Hasiya, kin rufa mana asiri."

Shekara ta zagayo, Rufa'i direban bas ya auri Hasiya da akwati biyu na halal. Abin da ba naka ba, kada ka taɓa, ko da sunan so ne.

Zailani kuwa ya yi wata goma sha takwas a kurkuku. Daga nan aka bi da shi ta wannan filin jirgin za a mayar da shi ƙasarsu, da ankwa a hannu, kayansa duka a leda ɗaya, kuma aka hana shi dawowa.