Kan Sarki na Kwabo Biyu

Ran Talata da hantsi, cikin watan Yuli na 1973, Hindatu ungozomar asibitin Gaya ta je zauren Alhaji Datti karɓar fam goma da ta ajiye masa tun ranar da ta kama ɗaki a gidan hayarsa. An yi mata canjin aiki zuwa Ajingi, mai ɗakin can kuma ya ba ta zuwa Juma'a ta kai kuɗi ko ya bai wa wani. Maimakon kuɗi sai Alhaji ya miƙo mata takarda. An rubuta cewa ta karɓi ajiyarta tun watan Yunin bara. A ƙasa ga kan sarki, an dangwala yatsa a kansa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar, ta ƙi mayar masa, ta wuce caji ofis.

Saja Bubayero ya saurare ta har ta gama. Ya gaya mata hanya uku ce a gabanta: mai unguwa ya yi sulhu, ko ta kai ƙara gaban alƙali inda za a nemi shaidu biyu ko rantsuwa, ko kuwa 'yan sanda su shiga, in takardar jabu ce. Ta ce shaidarta ɗaya ya rasu, mai unguwa kuma surukin Alhaji ne.

"Saja, ni da na yi makarantar ungozoma a Kano zan dangwala yatsa? Sa hannu nake yi."

Ya ce alƙali ba zai ɗauki wannan hujja ba, amma shi ya ji.

Ya fara da Hamma, wakilin Alhaji mai karɓar kuɗin haya. Hamma ya rantse bai taɓa ganin takardar ba, kuɗin ajiya kuma a akwatin Alhaji suke kwana. Saja ya sa shi ya dangwala a farar takarda. Tsohon yankan lauje ya ratsa babban yatsansa, sai farin layi ya fito a tsakiyar tawadar. Na kan sarkin ba shi da layi. Na Hindatu kuwa, da ya gwada, bai kai rabin na kan sarkin girma ba.

Daga nan sai gindin darbejiyar ƙofar gidan waya, inda Kabo marubucin wasiƙu yake kafa teburinsa. Kabo ya gane rubutunsa tun daga nesa, ya fara goge gumi. Ya ce sati biyu da suka wuce Alhaji ya ce masa gara ta cinye tsohuwar takarda, ya rubuta wata da kwanan watan bara. Ya rubuta, aka ba shi ladansa. Saja ya tambaye shi wa ya manna kan sarkin. Kabo ya kara takardar kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan dariya ta kuɓuce masa duk da tsoron da yake ciki.

"Ranka ya daɗe, ni da nake lasar kan sarki safe da yamma? Da ni ne ai ba zan yi wannan wautar ba."

Saja ya koma ofis yana juya abin a ransa. Alhaji Datti shi ya rufa masallacin unguwarsu da kwano, ba kuma wanda ya taɓa jin ya ci haƙƙin wani babba. Saja ya daɗe da lura cewa irin waɗannan mutane, in za su ci, kan baƙon da zai bar gari suke faɗawa, don ba za su sake haɗa ido da shi a sahun salla ba.

Ran Laraba bayan la'asar ya tara su a zauren, har da mai unguwa. Ya tambayi Alhaji ko a gabansa aka manna kan sarkin. Alhaji ya ce da hannunsa ya manna, bara, ranar da ya ƙirga mata kuɗin, na kwabo biyu kamar yadda doka ta ce a sa wa kowace takardar biya.

"Na kwabo biyu kuwa, Alhaji. Amma wane kwabon?"

Saja ya zaro tsohon rasiti daga aljihu ya jera shi da takardar Alhaji a kan tabarma. Ya ce kwabon da da na yanzu suna ɗaya gare su a bakinmu, shi ya sa in ka ce a ba ka na kwabo biyu, mai sayarwa ba zai tambaye ka komai ba. Amma kan sarkin bara harafin d ne a gefen lambarsa, na bana kuwa k, don sai a watan Janairu naira ta fito. Takardar Alhaji k ce a jikinta. Wanda ya san boko ba zai yi wannan kuskure ba, saboda haka ba Kabo ba ne. Yatsan ba na Hamma ba ne, ba na Hindatu ba. Ya tura gwangwanin tawada gaban Alhaji. Alhaji ya mayar da hannunsa cikin riga.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a rufa wa dattijo asiri. Alhaji ya aika cikin gida aka fito da naira talatin, goma ke nan a kan haƙƙinta tunda fam goma naira ashirin ce a sabon kuɗi, ya ce yarinya ta ɗauka ta yi kuɗin mota. Saja ya san Juma'a jibi ce, alƙali kuma ba zai zauna ba sai Litinin. Ya ga ita ma ta sani.

Hindatu ta dubi kuɗin a kan tabarma, ta gyara mayafinta.

"Baba Alhaji, jiya a bainar jama'a ka ce na zo cin kuɗi sau biyu. Matan da na karɓi haihuwarsu duk sun ji. Ka kai ashirin ɗina gaban alƙali a rubuta. Goman ka riƙe."

Mai unguwa ya ce to ɗakin Ajingi fa. Ta ce akwai benci a barandar asibiti.

Ran Litinin ta hau motar farko daga Ajingi, bayanta a sage saboda kwana uku a kan katako. Magatakardan kotu ya ƙirga mata naira ashirin, ya turo mata tawada don ta dangwala. Ta ce a ba ta alƙalami.