Ƙafar Itace Mai Gaɓa

A wani zamani can baya, wani saurayi ya komo garinsu bayan shekaru yana yawon duniya. Ya tarar mahaifinsa baduku ya rasu, abokansa sun watse. In ya yi sallama, sai a amsa masa kamar baƙo.

A rumfar mahaifin, abu ɗaya ya rage: ƙafar itace da ake ɗinka takalmi a kanta. Tana da gaɓa a tsakiya, tana lanƙwashewa. Saurayi ya zaci karyewa ta yi, ya buga mata ƙusa ta miƙe.

Ya zauna, ba wanda ya zo. Ya zauna, ba wanda ya zo. Rannan sai ga wani tsoho, Baba Cindo, da fatarsa guda, yana son a ɗinka masa takalmi sau-ciki.

Saurayi ya ɗinka ƙafa ɗaya, ya ja itacen, ya ƙi fita. Ya ja, ya ƙi fita.

Baba Cindo ya ce, "Kai yaro, ai lanƙwasa ta ubanka yake yi ta zame. Me ka yi mata?"

Ƙusa tana can ciki, hannu ba ya kaiwa. Ko a yanka takalmin tsoho, ko a fasa abin gado. Saurayi ya dubi hanyar da ta kawo shi, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗauki kurfin sassaƙa, ya farfasa itacen, ya zaro shi gutsure-gutsure.

Tsoho ya sa takalmin, ya yi masa daidai. Ya ce, "Ɗayan fa?"

"Sai na sassaƙa wata, Baba. Zai ɗauki lokaci."

"To, ashe kana nan. Matsa min in zauna."